Da ɗan gari ake cin gari: lissafin yadda maigida ke ƙasaita

A kowace kasuwa ta ƙasar Adar, tun daga ta Lahadi a birnin Tawa har zuwa kasuwar bisashe ta Badagishiri, dillalai suna da yawa, amma waɗanda sunansu ke yawo a bakin jama'a ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba. Haka abin yake a masaukan ƴan biɗa na Abijan da Kwatano da Legas: iyayen gida ƙalilan ne ke riƙe da akasarin baƙi, saura kuwa kowa da mutum biyu ko uku. Mutane kan ce rabo ne, kuma ba mai ja da wannan. Sai dai masana lissafi sun daɗe suna bin diddigin hanyar da irin wannan rabo ke biyowa, kuma abin da suka gano ya shafi ɗan kasuwa a rumfarsa, ya shafi ma'aikacin gwamnati a ma'aikatarsa.

Abin da masanan ke nazari shi ne wanda da Faransanci ake kira rezo, kalmar da salula ta sa kowa ya san ta. Mu a nan za mu kira shi saƙa. Saƙa ba ta buƙatar kome sai ƙulli da zare. Ƙulli shi ne mutum, ko kasuwa, ko gari. Zare kuwa shi ne hulɗar da ta haɗa biyu, ko ta ciniki ce, ko ta bashi, ko ta masauki. Tambayar farko da ake yi ma kowace saƙa ita ce: zare nawa ne ya ɗaure a kowane ƙulli? Bahaushe ya riga ya raɗa ma wannan adadi suna. Lokacin da masanin nan na Faransa, Emmanuel Grégoire, ya fitar da littafinsa kan Alhazan Maraɗi cikin 1986, ya nuna cewa ba da kuɗi kaɗai ake auna attajiri ba, ana auna shi da arzikin mutane, wato yawan barori da yara da abokan hulɗar da zai iya aika ko ya kira a duk sa'ad da ya so.

Cikin 1959 da 1960, wasu gwanayen lissafi biyu na ƙasar Hangari, Paul Erdős da Alfréd Rényi, sun ɗauka cewa ana ɗaura zaren ne da ka, kamar an jefa ƙuri'a. Idan haka ne, to kowa zai samu kusan abin da ɗan'uwansa ya samu. A ce ƴan kasuwa 10.000 ne, kuma in an raba hulɗarsu daidai kowa zai tashi da abokan ciniki 4. A irin wannan saƙa akasarin mutane na tsakanin 2 da 6, da wuya a samu mai 15, mai 20 kuwa sai dai a mafarki. Lissafi ne mai kyau, an yi shekara arba'in ana karantar da shi. Illarsa ɗaya: duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san ba haka duniya take ba.

Ƙwarya da ƴan takardu

Cikin watan Oktoba na 1999, Albert-László Barabási da ɗalibarsa Réka Albert, na jami'ar Notre Dame a Amurka, suka wallafa abin da suka ƙirga a mujallar Science. Sun duba shafunan intanet 325.729 da yadda suke nuna ma juna hanya, suka kuma duba ƴan wasan fim 212.250 da waɗanda suka taɓa fitowa tare. Ko'ina abu guda suka tarar: ɗimbin masu zare kaɗan, sannan ƴan ƙalilan masu zaren da ya wuce misali. Ba wani tsaka-tsakin da za a nuna a ce ga yadda kowa yake. Shi ya sa suka kira ta saƙa marar ma'auni.

Suka ce sharaɗi biyu kaɗai sun isa su haifar da wannan. Na farko, saƙar tana girma, kullum baƙo na shigowa. Na biyu, baƙon ya fi karkata ga wanda ya riga ya tara jama'a, daidai gwargwadon abin da ya tara: mai abokan hulɗa 20 ya ninka mai 10 sau biyu wajen sa'ar samun baƙon.

Mai karatu na iya gwada abin a zaure, da ƙwarya da ƴan guntayen takarda. Duk lokacin da mutum biyu suka ƙulla hulɗa, a rubuta sunan kowanensu a jefa cikin ƙwarya. Baƙo ya zo, ya rufe ido ya zaro takarda biyu, ya ƙulla da waɗanda sunansu ya fito, a maida takardun, a ƙara da sababbi na hulɗar da aka ƙulla yanzu. Ba a yi ma kowa alfarma ba, ba a ci hancin kowa ba. Amma wanda sunansa ya fi yawa cikin ƙwarya shi zai fi fitowa, in kuwa ya fito sunansa ya ƙaru.

To, a ci gaba da haka har mutane su kai 10.000, kamar misalinmu na ɗazu. Matsakaicin bai canza ba, yana nan 4. Amma ga yadda rabon zai kasance: rabin jama'a, wato mutum 5.000, ba su da kowa sai biyun da suka fara da su; 2.000 na da 3, 1.000 na da 4. A ɗaya gefen kuma, kimanin mutum 140 sun kai 20 ko sun wuce, wajen 6 sun kai 100, gagarabadau ɗinsu kuwa yana iya kai wa 200 ko fiye. Da tsawon mutane haka yake rabuwa, da cikin garin da ake da matsakaicin tsawo na mita 1,70 za a ga wani yana tafe da mita 85. Ƙa'idar da ke can sama ita ce: duk lokacin da aka ninka yawan zare sau biyu, masu shi sai su ragu sau takwas. Raguwa ce mai sauri, amma ba ta kai ga babu ba, kuma a wannan ɗan saura ne manyan ke zaune.

Akwai wani sakamako da ya kamata duk ɗan kasuwa ya riƙe, wanda ya shafi lokacin shiga. A wannan lissafi, kafin jama'ar mutum ta ninka biyu sai kasuwar gaba ɗaya ta ninka huɗu. Wanda ya shiga yana na 100 zai wayi gari da abokan hulɗa wajen 20 ranar da aka kai 10.000, alhali wanda ya shiga yana na 2.500 yana da 4 kacal. Ba wayo ne ya raba su ba, domin ƙwarya ba ta san wayo ba. Sammako ne.

Gaskiya dai ba Barabási ne ya fara hango wannan ba. Baturen Ingila Udny Yule ya yi irin lissafin cikin 1925 a kan jinsunan tsirrai, Herbert Simon ya sake shi cikin 1955 a kan girman birane da yawan kalmomi, Derek Price kuma cikin 1976 a kan yadda masana ke ambaton rubutun juna. Amma sunan na 1999 ne ya fi fita, saboda shi aka fi ambata, aka kuma ci gaba da ambatonsa don an riga an ambace shi. Ka ga ke nan dokar ba ta bar ko masu gano ta ba.

Wa ya kai ka?

Mai hankali zai yi tambaya a nan. Saurayin da ya taso daga Tamaske ko Kalhu ko Barmu bayan an gama girbi, ya shiga mota sai Abijan, ina ya ga lissafin jama'ar kowane maigida da har zai zaɓi wanda ya fi? Bai gani ba, kuma ba ya buƙatar gani. Abin da yake yi shi ne ya bi ɗan garinsu, ko wansa, ko abokin da suka yi kaciya tare, ya sauka inda wancan ya sauka. A nan ne lissafin ya haɗu da al'adarmu ƙarfe da ƙarfe. In ka tsinci mutum guda da ka cikin ƴan biɗa, ka ce ya kai ka wurin maigidansa, to maigidan da ke da mutum 100 yana da hanyoyi 100 da za su kai ka ƙofarsa, mai mutum 5 yana da hanyoyi 5. Kowane ɗan biɗa takarda ce cikin ƙwarya, ɗauke da sunan maigidansa. Ba wanda ya tsara abin, ba wanda ya yi nufin fifita wani, zumunci ne kawai ke aikinsa.

Kuma akwai hujja a cikin wannan ɗabi'a. Masanin Ingila Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataken shanu daga arewa ke damƙa garkensu ga maigida, shi kuma ya sayar ma mahautan gari bashi, ya tsaya jingina har kuɗi su fito. A cinikin da ba takarda ba banki, amana ita ce jari, kuma ba abin da ke nuna amanar mutum kamar yawan waɗanda suka riga suka amince da shi. Wanda ya sauka gidan da jama'a ta cika ba wauta ya yi ba.

Cinikin albasa, wanda shi ne abin alfaharin jahar Tawa tun daga Galmi da Madawa har fadamun Kaita, ya bi wannan tsari. Olivier David da Paule Moustier, da suka bi sawun albasar Nijar har kasuwannin Abijan, sun nuna cikin 1998 yadda cinikin ya rataya ga manyan ƴan sari kaɗan masu ba na ƙasa da su kaya bashi. Taken da suka ba bincikensu karin magana ne mai cewa in mai ƙiba ya rame, ramamme mutuwa zai yi.

In babban ice ya faɗi

Wannan karin magana ita ce kusan abin da Albert da Barabási da abokin aikinsu Hawoong Jeong suka tabbatar da na'ura mai ƙwaƙwalwa cikin shekara ta 2000. Saƙa irin wannan tana da juriyar ban mamaki ga tsautsayin yau da kullum: a cire ƙulli da ka, ko da yawa ne, akasari ƙanana za a cire, saƙar kuma ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Amma a zaɓi manyan a cire ƴan kaɗan, sai ta wargaje ta koma tsibi-tsibi, wannan bai san inda wancan yake ba. Ƙaramin dillali ya karye, iyalinsa ne za su ji. Babban maigida ya karye, ƙauyuka ne.

Abin da ke faruwa ga mutum shi ke faruwa ga gari, domin garuruwan biɗa ma ta bin sawun ɗan'uwa suke tara jama'a. Tarihin Adar na shekaru sittin da suka wuce cike yake da shaida. A zamanin Turawa Kumasi da Ankara ne alƙiblar masu tafiya kurmi, har ranar da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, cikin watan Nuwamba na 1969. Jama'a ta karkata Najeriya da Kodebuwa. Cikin watan Janairu na 1983 Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, ta kuma rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Abijan ta zama babbar cibiya, sai rikicin da ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002 da na bayan zaɓen 2010 suka girgiza ta. Libiya ta ja samari da yawa, sai yaƙin 2011 ya maido dubun dubatar ƴan Nijar gida hannu rabbana, da yawansu ƴan jahar Tawa. Kowane karo abu guda ne: ƙauyen da dukan samarinsa ke gari guda, a ƙarƙashin inuwa guda, shi ke fin jin jiki, domin kuɗin cefane da na hatsin bazara duk ta ƙofa ɗaya suke shigowa. Kuma kowane karo, da ƙura ta lafa, sai saƙar ta sake tsirowa a wani wuri bisa tsohuwar ƙa'ida: wani ya yi sammako, saura su bi shi.

Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, sun nuna ma masu albasa da masu bisashe irin wannan darasi ta fuskar ƙofofin fita. Albasa dai ba ta jiran a gama shawara.

Kada dai a ɗauki lissafi a maida shi wahayi. Bayan 1999 an yi yayin ganin saƙa marar ma'auni a ko'ina, har abin ya yi yawa. Cikin 2019 Anna Broido da Aaron Clauset suka tara saƙa 928 na fannoni dabam-dabam suka auna su da tsanani, suka tarar kashi 4 cikin ɗari kaɗai ne suka cika sharuɗɗan sosai, kuma saƙar hulɗar mutane na cikin waɗanda suka fi rauni. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shafin intanet na iya karɓar baƙi miliyan, amma gidan maigida ɗakunansa ƙidayayyu ne, yininsa kuma awa 24 ne kamar na kowa. Yana tsufa. Ranar da ya kwanta dama a raba gado, dukiya ta kasu, barori su watse kowa ya nemi wata inuwa; abin da ya sa ba kasafai babban gidan kasuwanci a ƙasar Hausa ke kai wa jikoki da ƙarfinsa ba. Hanyoyin mota ma ba su bin wannan doka, tunda mararraba ba ta ɗaukar hanya ɗari: ko Tsarnawa, inda hanyar Tawa da Agadas ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, hannu uku gare ta.

Akwai ma bincike na kusa da gida. Olivier Walther ya zana saƙar manyan ƴan kasuwa 136 a kasuwannin iyaka guda biyar, cikinsu har da Birnin Ƙonni da Ilela ta Najeriya (kada a haɗa ta da Ilelarmu ta Adar), ya wallafa cikin 2015. Abin da ya tarar shi ne saƙar ba ta rataya ga mutum guda ba, a warwatse take, kuma wannan warwatsuwa ce ke taimakon su jure rashin tabbas na fataucin nesa. A ganina wannan bai rushe lissafin ba, ya nuna ne cewa manyan ƴan kasuwa sun daɗe da sanin haɗarin da lissafin ke nunawa, suka yi ma kansu rigakafi da abokan hulɗa na wurare dabam-dabam. Wanda bai da wannan rigakafi shi ne ƙarami, mai maigida ɗaya da gari ɗaya.

Inda hannu zai iya kai wa

Lissafin bai tsaya ga faɗin yadda abu yake ba, ya nuna inda za a taɓa. Cikin 2007 masana tsimi da tanadi Matthew Jackson da Brian Rogers suka nuna cewa mutum na samun abokan hulɗa ta hanya biyu, ko ya gamu da baƙo kai tsaye, ko aboki ya haɗa shi da abokinsa, kuma gwargwadon rinjayen hanya ta biyu, gwargwadon yadda jama'a za ta taru hannun ƴan kaɗan. Ke nan duk abin da ke sa manomin Kaita ya gamu da mai saye ba tare da an kai shi ba, ko baje kolin amfanin gona ne, ko sanar da farashi a rediyo, ko ƙungiyar manoma mai nata abokan ciniki a ƙetare, yana rage ma ƙwarya ƙarfi.

Salula ta gwada haka a ƙasarmu. Ta shigo cikin 2001, kuma Jenny Aker, wadda ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda rezo ya kai, musamman tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna, amfanin kuma yana ƙaruwa yayin da kasuwanni masu rezo ke ƙaruwa. Sai dai salula wuƙa ce mai baki biyu. Lambar da ke cikin wayar saurayi, wa ya ba shi ita? Ɗan garinsu. Kuma ta cire ma maigida ɗaya daga cikin iyakokinsa, tunda yanzu yana iya riƙon mutanen da bai taɓa shimfiɗa ma tabarma ba.

Ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji kuwa, gargaɗin farko shi ne game da matsakaici, wanda rahotanni ke matuƙar so. A misalinmu matsakaicin 4 ne, amma mutum 7 cikin 10 ba su kai shi ba, kuma ƴan kaɗan da ke can sama su ne ke juya kasuwar. Tsarin bashi ko na haraji da aka gina kan ɗan kasuwa matsakaici an gina shi ne kan mutumin da da wuya a gamu da shi. Haka kuma cuta, ta mutum ko ta dabba, da jita-jita, da labarin sabon iri, duk ta manyan ƙulli suke bi su game ƙasa. Tun 2001 aka nuna cewa a irin wannan saƙa ko cuta marar ƙarfin yaɗuwa na iya daɗewa tana yawo muddin ta samu cibiya.

To yaya za a gane cibiyoyin ba tare da an zana saƙar duka ba, aikin da ba ma'aikatar da ke da kuɗinsa? Amsar da wasu masana uku suka bayar cikin 2003 ita ce a yi abin da ɗan biɗa ke yi. A tsinci mutane da ka, a tambayi kowa ya faɗi sunan abokin hulɗarsa guda, sannan a bar shi a tafi wurin wanda ya ambata, shi za a yi ma rigakafi ko a damƙa ma saƙo. Tunda mai jama'a ya fi fitowa a bakin mutane, waɗanda aka ambata za su fi waɗanda aka tambaya yawan hulɗa. An gwada dabarar a ƙauyuka 32 na ƙasar Honduras, a Amurka ta Tsakiya, aka wallafa sakamakon cikin 2015: wajen yaɗa ƙwayoyin bitamin ta fi zaɓen mutane da ka, ta kuma fi zaɓen waɗanda suka fi kowa suna a ƙauye, wajen maganin tsabtace ruwan sha kuwa ba a ga bambanci ba.